Babur ɗin da Kunnen Baba Ya Sani

Ferran da kunne yake koyar da hawan babur, ba da ido ba. Duk wanda ya taɓa zuwa rafin da ke bayan ƙauyen Castellfred da safiyar Lahadi ya san haka. Zai hau kan dutse ya juya wa mai koyo baya, ya sunkuyar da kai kamar likita a kan ƙirjin majiyyaci, injin yana kuka yana ƙara hawa, can sai ka ji ya ce, "Yanzu." A nan ake sakin kuloci. Wanda ya saki a kan wannan kalma, babur zai ɗaga shi ya ɗora a kan dutse kamar da hannu aka miƙa shi. Wanda ya riga ta ko ya makara, sai ya kai ƙafa ƙasa, kuma a wasan tirayal ƙafa a ƙasa ita ce abin kunya. Ba tsere ake yi ba. Babur ɗin ko wurin zama ba shi da shi, a tsaye ake hawa, a bi ta kan duwatsu da saiwoyi da cikin ruwa a hankali. Duk taka ƙasa makin laifi ɗaya ne, faɗuwa biyar, mai ƙarancin laifi shi ne gwani.

'Yarsa Roser ta shafe bazara guda tana jin wannan "yanzu", amma ba ita ake faɗa wa ba. Aina ake faɗa wa.

Roser ta haura talatin lokacin da ta baro Barcelona ta dawo kwarin don koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Da ta ce za ta fara hawa, ta gaya wa mutane motsa jiki take so. Ba shi ba ne. Tun suna yara, Lahadi ta yayanta Arnau ce. Shi ake ɗorawa a babur, ita a miƙo mata jakar kayan gyara a ce ta zauna a inuwa ta kula da ita. Arnau ya girma ya tafi aiki Jamus, ya sayar da nasa babur ɗin bai ko waiwayo ba, Lahadin tsohon ta zama fanko. Wannan fankon Roser ta dawo ta cike. Kuskurenta ɗaya, ta faɗi shirinta a gidan burodin gwaggonta, a gaban Aina, 'yar ƙanwar Ferran, wadda ko tsalle aka ce za a yi daga kan gada sai ta ce a jira ta ɗauko takalminta.

Ranar farko Ferran ya turo tsohon babur ɗinsa daga gareji, mai bugu biyu, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a jarka a girgiza. Gaban Roser ya fara tsayar da shi, wannan ba za ta iya musu ba. Ita kuma ta ce tana so ta gwada iri biyun, mai bugu biyu da mai bugu huɗu, kafin ta zaɓa, ta fara jero masa abin da ta karanta. Ba ta kai ƙarshe ba Aina ta kama kan babur ɗin.

"Kawu, ni ba ni da karatu. Ba ni abin in faɗi da shi."

Ferran ya yi dariya har da buga cinya. Tun daga ranar babur ya zama na Aina, kunnen ma ya bi shi.

Biel, mai shagon babura a bakin gada, shi ya ba Roser aron guda biyu, duk na hannu, ya ce ta gwada har zuwa bikin gari, wanda jikinta ya karɓa shi za ta saya. Mai bugu biyun ba shi da nauyi, ana juya shi kamar keke, shuri ɗaya yake tashi. Sai dai yana da zuciya. Ka ɗan murɗa totur fiye da kima, ya zabura ya fita daga ƙarƙashinka ya bar ka zaune a ruwa. Mai bugu huɗun kuwa ya fi nauyi, tashinsa sai da lallashi, kukansa ƙasa-ƙasa kamar ana daka a gidan maƙwabta. Amma a kan jiƙaƙƙen dutse tayarsa takan kama kamar an manna ta, a gangara kuma da ka saki totur injin da kansa yake riƙe babur ɗin, ba sai ka damu birki ba. Cikin 'yan makonni Roser ta san nata. A kan mai nauyin takan ratsa rafin nan ƙafarta ba ta taɓa ruwa ba, abin da Aina ba ta taɓa yi ba ko sau ɗaya.

Ranar da ta fara yin haka ta ɗago kai tana neman idon mahaifinta. Bayansa ta gani. Yana can kan wani dutse, kai a sunkuye, yana sauraron Aina, wadda ta faɗi ta tashi tana ƙyaƙyata dariya, ya sauko yana kakkaɓe mata gwiwa yana ce mata 'yar banza mai kunnen ƙashi. Roser ta tsaya da injinta yana daka a ƙarƙashinta. Ita ma tana so a zage ta haka. Da ta tambaye shi daga baya ko ya ga yadda ta wuce, sai ya ce ya ji wani abu kamar injin ban ruwa ya bi ta can, bai san ita ba ce. Ya ƙara da cewa wannan irin inji shi bai san muryarsa ba, daga ƙasa har sama kukansa ɗaya ne, ba shi da inda zai kama ya ce yanzu.

Bayan hawa 'yan ƙungiyar mahayan sukan sauka shagon Montse su karya da burodin da aka goga wa tumatir da man zaitun, da farin wake da gasasshen naman alade, tulun ruwan inabi yana zagayawa hannu zuwa hannu. A da, in ji su, sai an fitar da tebura har bakin titi. Yanzu ba su cika tebur biyu ba, kuma in ka cire 'yan matan nan biyu, babu kan da ba furfura. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Sabon shiga zai zo da ɗoki, a ɗora shi a kan babur mai zabura, ya sha ƙasa Lahadi uku a jere ana masa dariya, ta huɗu ba za a sake ganinsa ba, sai a ce yaran yanzu ba su da ƙashi. Masu gonakin bakin rafi suna ƙorafin hayaƙi da ƙara, ana ce musu baƙin ciki ne. Duk tambayar da aka kawo amsarta ɗaya, haka muka fara. Kamar dai yadda mutum ya fara shi ne hujjar cewa daidai ya fara.

Roser ta gaya musu wannan duka wata safiya, da Esteve shugaban ƙungiya ya tambaye ta yaushe za ta kawo taraktarta, wato babur ɗinta mai nauyi, ta nome masa dankali. Ta ajiye cokali ta yi magana har kunnuwanta suka yi ja. Ta ce ba ta ce mai bugu huɗu ya fi ga kowa ba, akwai wanda mara nauyin zai fi yi wa daɗi, amma a bar mai koyo ya hau biyun jikinsa ya zaɓa, a daina zaɓa masa da abin da tsofaffi suka saba gyarawa. Ta ce ƙungiyar tana mutuwa a hannunsu suna shafa mata kai. Esteve ya ce to malama ta gama darasi, ko akwai aikin gida, aka fashe da dariya, aka miƙa tulu gaba.

A cikin wannan dariyar ne ya ɗauko maganar gasar bikin gari. Doka ce a wurinsu, kowane sabon shiga yana da mai jaka guda ɗaya, wanda zai bi shi zango-zango da ruwa da kayan gyara, ya taka masa hanya kafin ya shiga, ya hau kan dutse ya buɗe hannu don ya cafke babur in abu ya ɓaci. Mai jaka ɗaya, mahayi ɗaya, ba a raba shi. Esteve ya ce ta Aina an gama, Ferran ne, tunda babur ɗinsa take hawa. Malama kuma a nemo mata direban tarakta.

Ferran bai ce a'a ba. Yana ta goge farantinsa da burodi.

Aina ta zunguri Roser da gwiwar hannu. "Kar ki damu, 'yar boko. In na gama zan aro miki shi ya ɗauke ki hoto."

Wasa take yi, irin wanda suka saba tun suna raba gado a gidan kakarsu. Roser ta yi murmushi yadda ya kamata. A hanyar gida kuwa ba abin da take gani sai hannuwan nan biyu a buɗe a kan dutse, a gaban duk mutanen gari, suna jiran 'yar wani.

Ana saura 'yan kwanaki biki ta tura baburan biyu shagon Biel. Yana ganinta ya kama mai nauyin zai shiga da shi ya canza masa mai, don bai ga abin tambaya ba. Ta ce ɗayan za ta ɗauka. Biel ya goge hannu da tsumma ya daɗe yana kallonta. Ya tuna mata cewa tun tsakiyar bazara ba ta hau mara nauyin ba, hannunta ya riga ya koyi wani abu dabam, kuma ba a sauya babur ana jibi gasa. Ya tambaye ta ina jawabin shagon Montse ya tafi, don labarinsa har bakin gada ya iso. Ta ce ta sake tunani. Ya ce tunani ne ko wani abu. Ta ce ita dai ta zo saye ne, ba neman shawara ba.

Da yamma ta girgiza jarkar fetur da baƙin mai a ƙofar gida, inda ta san mahaifinta zai ji. Ya leƙo, ya ga babur ɗin, ya zagaya shi, ya tayar da shi da shuri ɗaya, shuɗin hayaƙi ya cika tsakar gida. Fuskarsa ta yi wani haske da Roser ba ta taɓa jawowa ba. Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya fasa, ya ce lafiyayyen inji ne. Ta ce to yanzu yana da muryar da zai saurara a gidansa, sai ya zaɓi jakar da zai ɗauka.

Ta shirya wa rigima da Aina, har ta tanadi amsoshi. Aina ta hana ta wannan ma. Da aka gaya mata a gidan burodi cewa Ferran jakar Roser zai ɗauka, sai ta ɗaga kafaɗa ta ce ai uban Roser ne, dama aro ta yi, ita ko ba mai jaka ta iya faɗuwa da kanta. Ta naɗe wa Roser burodi mai zafi ta ce ta ci ta yi nauyi kada babur ya jefar da ita. Roser ta fito da burodin a hammata tana jin kamar sadaka aka ba ta.

Ranar biki gari ya waye da sanyi, an yi ruwa kwana biyu, duwatsu suna ƙyalli. An kafa zanguna tun daga bayan coci har saman tudu, kowanne da alƙalinsa a tsaye, hannu a sama. Dunƙulallen hannu yana nufin ba laifi, duk taka ƙasa ya buɗe yatsa ɗaya. Ferran ya goya jaka, ya taka wa 'yarsa zangon farko dutse bayan dutse, yana nuna mata inda tayar gaba za ta bi. Sannan ya hau sama ya juya baya. Ta murɗa totur, injin ya yi ta hawa.

"Yanzu."

Ta saki. Babur ya ɗauke ta ya dire a saman dutsen, daidai gefen takalminsa. Daɗin da ta ji a wannan lokacin ya kusa sa ta kuka.

Bayan dutsen gangara ce mai santsi zuwa cikin rafi. Roser ta yi abin da ta yi duk bazara, ta saki totur ta jira inji ya riƙe ta. Babu abin da ya riƙe ta. Mai bugu biyu ba ya riƙe kowa, in ka saki totur sakin ka yake yi. Babur ɗin ya sulale kamar an yanke masa igiya, kafin yatsanta ya tuna da birki tayar gaba ta shige tsakanin duwatsu biyu, ta wuntsila ta kansa ta faɗa ruwa har wuya. Alƙali ya buɗe yatsu biyar.

Haka safiyar ta tafi. Kanta ya san bambancin, hannunta ya ƙi sani. Inda mai nauyin zai taka a hankali ya kama, wannan sai ya zabura taya ta yi ta juyi a banza. A kowace gangara sai ta makara da birki. Wuraren da take wucewa ido a rufe, yau da ƙafa biyu take tuƙa su kamar mai koyon keke. Esteve ya wuce ta a hanya ya ce aƙalla yau ƙamshin mutane take yi. Ba ta kula shi ba. Ta gaya wa kanta ba komai, abin da ta zo nema yana tafe a bayanta da jaka.

A zangon da ke ƙarƙashin tsohuwar ma'aikatar niƙa suna jiran layi, sai kukan wani inji ya taso daga bayan tudu, inda ba a ganin kowa. Tsohon babur ɗin ne, Aina ce a wani zango ita kaɗai. Roser tana magana a lokacin, tana tambayarsa ta ina za ta shiga. Ta ga kansa ya karkata. Ta ga idonsa ya bar fuskarta ya tafi wani wuri. Injin can yana hawa, leɓɓansa suka motsa ba sauti, ta karanta kalmar a bakinsa. Can aka ji ihu da tafi, sai ya yi ɗan murmushi shi kaɗai, sannan ya tuna da ita ya ce me ta ce.

Ta jingine babur a jikin itace ta cire hular kwano.

"Baba, ajiye jakar ka tafi."

Ya ce ina zai je, ai yana nan. Ta ce ƙafafunsa ne suke nan. Ya ɗan yi fushi, ya ce ita ba a iya mata, Aina tambaya take yi, ita kuwa tun da ta dawo bayani take yi masa, abu ɗaya ba ta taɓa tambayarsa ba.

"Na tambaye ka ina 'yar shekara tara. Ka ce in riƙe wa Arnau jaka."

Ya sauke jakar a kan dutse, ya zauna kusa da ita, yana murza tafin hannunsa. Layi ya matsa gaba, wasu suka wuce su. Da ya yi magana a ƙarshe, ƙasa yake kallo. Ya ce mai nauyin nan shi ne babur ɗinta. Ya ce ranar da ta ratsa rafi ba taka ƙasa ya gani, ƙarya ya yi da ya ce bai san ita ba ce, a tarihin ƙungiyar bai ga sabon shiga ya yi haka da wuri ba. Ranar da ta kawo mara nauyin gida ma ya so ya ce ta mayar.

"Me ya hana ka?"

"A kan wancan ba ni da abin ba ki. A kan wannan ina da shi."

Roser ta dube shi, ruwa yana ɗiga daga rigarta. Ta yi zaton in ta ji irin wannan magana zuciyarta za ta yi sanyi. Ba ta yi ba. Ta ce wato ya gwammace ta yini tana shan ruwan rafi a gaban gari, da ya tsaya a gaban inji ya ce bai sani ba, a koya masa. Ta ce shi da Esteve duk ɗaya ne, sai dai shi ya fi iya yin shiru. Ta ce ita ma ba ta fi su ba, tunda ta san gaskiya ta je ta sayi ƙarya don a kalle ta.

Biel ne alƙalin wannan zangon, kuma duk abin da aka faɗa a kunnensa aka faɗa, ko da yake ya yi kamar yana gyara tuta. Ta ɗaga murya ta tambaye shi ko mai nauyin yana nan. Ya ce wani mutumin garin Olot ya ce zai zo ya duba shi cikin mako. Ta ce ya gaya masa kada ya ɓata fetur ɗinsa.

Sannan ta juyo ga mahaifinta. Ta ce Lahadi mai zuwa tana rafi da babur ɗinta. In ya ga dama ya zo, amma ya sani ba koyarwa zai zo yi ba.

"Da tsufana?"

"Ni ma da tsufana na fara."

Ya buɗe baki zai amsa, sai kukan injin bayan tudu ya sake tashi, ya hau sama da sauri fiye da kima, ya yanke gaba ɗaya. Aka ji ƙarar ƙarfe a kan dutse. Ferran ya riga ya miƙe tsaye kafin ya san ya miƙe. Ya tsaya a haka, jiki ya fuskanci tudu, ido yana kan 'yarsa.

Ta ɗaga masa kai.

Ya tafi. Ta bi shi da kallo yana haura gangaren nan yana kama saiwoyi, da saurin da ba ta san yana da sauransa ba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Can sama ta jiyo dariyar Aina, lafiyarta ƙalau, da muryarsa yana zaginta. Abin da ke ƙirjin Roser bai ragu ba ko kaɗan, yana nan yana ci.

Biel ya ce layinta ne, za ta shiga ko ya rubuta mata biyar ta wuce. Ta mayar da hular kwano, ta ɗora yatsa a kan birki tun kafin ta tayar da injin, ta ce ya ɗaga hannunsa.